Tuwon da Babu Rantsuwa a Cikinsa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba mata koguna, ya ba kowane gari rabonsa na ruwa da na wahala. Ku matso, ku da kuka ara mini kunnuwanku, amma kada wani ya sa ran zai tashi daga nan da sanyin zuciya. Ni ne Mantau ɗan Barmo, mutumin Mashigi, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya yana neman sani, ya komo gida da baki cike da labari, kai kuwa fayau. Yau shekara tara ke nan da abin da zan ba ku labarinsa, kuma har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina don haushi.

Mashigi ƙaramin gari ne a bakin Baƙin Kogi, daidai inda duwatsu biyu suka matse ruwan har mai ƙarfin murya yana iya kiran na tsallake. Fito ne sana'armu tun kaka da kakanni. Ba mu da sarki. Duk bayan damina biyu, masu son riƙon gari sukan kawo kwalekwalensu bakin gaɓa, kowane baligi, mace da namiji, ya ɗauki dutse ɗaya ya jefa a cikin na wanda ya kwanta masa a rai. Kwalekwalen da ya fi nutsewa, mai shi ne shugaba. Sau uku a jere na yayata Tasalla ke nutsewa har ruwa ya kusa shiga ciki. Ita ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, ita ta koya mini riƙon filafili, kuma ita kaɗai ce a duniya take ce mini in rufe baki in rufe.

Arewa da mu akwai Daular Tagulla, ta Sarki Gagarau, wanda ba a taɓa ce masa a'a ba tun yana cikin zanen goyo. Kudu da mu kuma akwai manyan garuruwa uku masu zaɓen shugabanninsu kamar yadda muke yi: Birnin Ƙwarya, da Kukoki, da Tafkin Madubi. Kowannensu shi kaɗai loma ɗaya ne a wurin Gagarau, amma su ukun a haɗe sun fi ƙarfin maƙogwaronsa. Don haka suka ƙirƙiro abin da suke kira Zaman Murhu. Duk shekara wakilin kowane gari yakan ɗauko dutse daga garinsu, a haɗu a filin Mashigi, don nan ne idon Gagarau ya fi kaiwa. A kafa murhu da duwatsun nan uku, a tuƙa tuwo, a ci tare. Jiragensu su yi kwana uku suna atisaye a gaban garinmu, suna kaɗa ganguna don na arewa ya ji. Sa'an nan kowa ya ɗauki dutsensa ya kama hanya. Babu takarda, babu rantsuwa.

Mu ke kawo itace, matanmu ke tuƙin, kuma da mu ake sa hannu a akushi. A Mashigi kuwa, wanda kuka haɗa hannu da shi a akushi ɗaya ya zama naka, in an taɓa ka an taɓa shi, ba sai an faɗa ba. Rantsuwa a wurinmu aikin wanda ba a yarda da shi ba ne. Da muka ga baƙinmu ba sa rantsuwa, sai muka ce lalle waɗannan 'yan halak ne irinmu. Shekara bakwai muna cin tuwon nan muna jin daɗi.

A farkon damina ta takwas manzon Gagarau ya sauka garinmu, wani dogo mai haƙoran tagulla da ake kira Dunƙule. Ya ce sarkinsa zai ɗaura sarƙa daga dutsen nan namu zuwa na tsallake, yadda babu jirgin kudu da zai haura ko ya gangara sai da izininsa, kuma mu za mu riƙa tsaron sarƙar. Tasalla ta ce ya ba ta zuwa la'asar. Ta ja ni bayan rumbu, ta dube ni.

"Mantau, kai ne ka yi yawon duniya, ka san halin mutanen kudu. In na ce masa a'a, za su zo?"

"Haba Yaya," na ce, har da bugun ƙirji. "Mutanen da suka ci tuwonki shekara bakwai? Kafin ki rufe baki sun iso."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na kwana a kasuwanninsu, na iya gaisuwarsu, sai na ɗauka na san su. Tasalla ta tara gari ta faɗi abin da na ce, gari ya amince, ta juya ta gaya wa Dunƙule a gaban kowa cewa kogin ba na ubansa ba ne. Bai yi fushi ba. Ya nuna Dutsen Awo, wani dogon dutse mai siffar mutum da ke tsaye a tsakiyar ruwa, wanda muke gane cikar kogi da shi.

"Jiragenmu suna da nauyi, sai ruwa ya cika suke saukowa," in ji shi. "Ranar da ruwa ya kai wuyan dutsen can, za mu kwashe garin nan kaf zuwa ramukan tagulla, har da kajinku. Ke kuma, mai baki, ke za ki riƙa juya sarƙar da kika ƙi."

Ruwa yana gwiwar dutse a ranar. Masana kogi suka ce muna da kwana talatin, in Allah ya sa ruwan sama bai yi gaggawa ba. Washegari da safe na shiga kwalekwalena na nufi kudu in kira abokan akushinmu.

Gajeriyar hanya ta bi ne ta Dajin Kyauro, inda kyauro ya fi rimi tsawo, kuma yana da kunne. Duk maganar da aka yi a ciki, wannan kara ya miƙa wa wancan, har ta isa wurin wasu makafi da Gagarau ya ajiye a ƙarshen dajin don saurare. Wanda ya wuce shiru ma ba ya tsira, don ƙarar filafili babu magana ita ce alamar ɗan leƙen asiri. Sai na ƙirƙiro wa kaina mata. Kwana uku ina tuƙi ina faɗa da ita a kan miya, in yi muryata in yi tata, in ce babu gishiri, ta ce harshena ne ya mutu, in ce zan kai ƙara wurin babanta, ta ce in gaishe shi. Ba wanda ya tare ni. Daga baya na ji an ce makafin nan sun rabu biyu, wasu suna bayana wasu suna bayan matar.

A rana ta bakwai na isa Birnin Ƙwarya. Garin duka yana ƙarƙashin ɓarin wata ƙwarya guda da kakanninsu suka kifa, an huda mata tagogi dubu don rana ta shiga. Mutanensa ba sa yanke komai sai da ƙuri'a, da 'ya'yan tsamiya suke yi, ko rijiya za a yasa sai an jefa. Na nemi Wakili Jatau, wanda ya fi kowa yawan loma a filinmu, aka nuna mini wani lambu a bayan gari. Na same shi yana ban ruwan albasa.

"Wayyo Mantau, da makon jiya ka zo," ya ce. "An yi zaɓe, an kayar da ni. Je ka wurin Bagudu marini, shi ne Wakili yanzu."

Bagudu ya karɓe ni a bakin karofi, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya saurare ni tsaf, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na gama sai ya ce, "Bawan Allah, a ina aka rubuta cewa za mu yi muku yaƙi?"

"Ba a rubuta ba. An ci."

"An ci me?"

"Tuwo, ranka ya daɗe. Shekara bakwai, akushi ɗaya."

Ya dube ni kamar yana jiran sauran maganar. Da ya ga babu saura, sai ya ce, "Tuwon da Jatau ya ci ai cikin Jatau ya shiga. A garin nan wanda aka zaɓa ba shi da ikon ɗaure wanda za a zaɓa bayansa, shi ya sa ba ma rantsuwa a Zaman Murhu. Ba wanda ya taɓa gaya muku?"

Ba wanda ya taɓa gaya mana, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Duk da haka na roƙi a bar ni in yi wa taron gari magana. Al'adarsu ita ce a ɗora 'yar ƙwarya mai huda a kan ruwan randa, baƙo ya yi ta magana har ta nutse. Na faɗa musu yawan yaran Mashigi, na faɗa musu yadda ramin tagulla ke mai da saurayi tsoho a shekara biyu. Na ce gangunansu ne suka jawo mana idon Gagarau, na ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Na ga mata suna share hawaye, na ga maza suna cije leɓe, na ce a raina an gama.

Kwana huɗu suna muhawara. Kwana huɗu, ruwa yana hawa! Wani ya ce a tura jirage hamsin, wani ya ce 'ya'yan wa za a zuba a ciki, wani ya ce a jira a ga abin da Kukoki za su yi. A ƙarshe aka jefa 'ya'yan tsamiya, Bagudu ya miƙe ya faɗi abin da gari ya yanke: za a tura mai shela har bakin iyaka, ya sanar da babbar murya cewa ran mutanen Birnin Ƙwarya ya ɓaci matuƙa da abin da ake shirin yi wa Mashigi.

Ban san lokacin da na hau kan randar ba. Na ce musu maciya amana, na ce musu masu cika baki da ganga, na ce Allah ya sa tuwonmu ya zame musu ƙaya a ciki. Wuri ya kaure. Wasu suka ce a tsoma ni a karofi in fito shuɗi, wasu suka ce a'a, a kulle ni dai. Da yake su ne, sai suka ce a jefa ƙuri'a a kai. Kowa ya bi layi da ƙwayar tsamiyarsa, har da dogaran da ke riƙe da ni, har da masu tsaron ƙofar gari, don a wurinsu rashin jefa ƙuri'a abin kunya ne. Na sauko daga kan randa, na bi ta ƙofar da babu kowa, na kwance kwalekwalena. Har yau ban san hukuncin da aka yanke mini ba.

Kukoki gari ne da aka gina a kan itatuwan kuka bakwai, kowace gindinta tafiyar rabin yini ne in za ka kewaya. A cikin kwando ake hawa, shamuwoyi arba'in suna ja. Sana'arsu ɗinkin zugazugi na fatar giwa, kowane ɗaya ya kai girman ɗaki, kuma ban san wa ke sayensu ba sai da na je. Shugabansu, Madugu Ɗanjimma, ya rungume ni, ya kira ni ɗan'uwa, ya sa aka kawo zuma da fura. Ya ce maganata babba ce, ba a yin ta da gajiya. Aka kai ni wani ɗaki a can ƙolin reshe, ina shiga aka janye tsani, wai don kada a dame ni.

Kwana biyar ina cin zuma ina zagin bango. A rana ta shida na leƙa ta taga na ga dalilin karamcin: Dunƙule ne a ƙasa da haƙoransa, ana nuna masa kaya. Maƙeran Gagarau da zugazugin Kukoki suke narka tagullar da ake ƙera jiragen da za su kwashe mu. Na yayyage shimfiɗata na tufka igiya, na sauka kan reshen da ake tara kaya, na shige cikin wani zugazugi ta bakinsa na lafe. Da hantsi aka sauke shi bakin ruwa da ni a ciki, Madugu da Dunƙule suka zo suka tsaya a jikinsa suna magana.

"Sarki ba ya son faɗa da ku ukun," in ji Dunƙule. "In ya ga tutar ɗayanku a Mashigi, zai sake tunani, don bai san ko sauran biyun suna baya ba. In bai gani ba, zai ɗauka kun yarda."

"Mu ba mu yarda ba, ba mu kuma ƙi ba," in ji Madugu da muryarsa mai zaƙi. "Murhu dai duwatsu uku gare shi, kuma Mashigi ba ta da ko ɗaya a ciki. Ka duba ɗinkin nan, ko iska ba ta fita."

Don ya nuna masa ingancin ɗinkin, sai ya sa ƙarti ashirin suka hau kan zugazugin suka danna gaba ɗaya. Iskar ta ɗauke ni ta bakin, na fita kamar ƙwallon goriba daga bakin yaro, na wuce kan jirage uku na faɗa tsakiyar kogi. Na ji Madugu yana rantsuwa cewa bai san ni ba, karo na farko ke nan da na ji mutumin kudu ya rantse. Na kama wani gungume, ruwa ya tafi da ni. Na rasa kwalekwalena, amma na tsira da sanin abu ɗaya: tuta guda ta isa.

Masunta ne suka tsamo ni a bakin Tafkin Madubi bayan kwana biyu. Ruwan tafkin nan yana nuna fuskar da mutum yake ɓoyewa, in kana murmushi a sama kana ƙiyayya a ciki, ƙiyayyar za a gani a ƙasa. Saboda haka a kan ruwa suke duk wata magana mai nauyi. Aka kai ni wurin Hakama, wata tsohuwa mai ido ɗaya, shugabar masunta, wadda ita ke jagorantar jiragensu in an zo atisaye. Muka zauna a jirginta. Na leƙa ruwa na ga fuskata kamar ta mahaukacin kare, na leƙa tata na ga ita ce dai ta sama.

"Ɗana, ba zan yi maka zaƙin baki ba," ta ce. "An kafa Zaman Murhu ne don kada Gagarau ya haɗiye mu ukun, kuma an ƙi rantsuwa ne don kowa ya samu ƙofar fita. Mun ga kuna murna da tuwon nan, mun san abin da kuka ɗauke shi, muka yi shiru don filinku yana mana amfani. Wannan laifinmu ne, har da ni."

"To Inna, a gyara laifin. Tuta ɗaya kawai nake nema."

"Dokar garin nan, maganar yaƙi sai an kwana ashirin da ɗaya ana tattauna ta kafin a yi ƙuri'a. Ina ruwa yake a dutsenku?"

Na lissafa kwanakin da na ɓata, na ce ya kai ƙirji. Na fashe da kuka a gaban tsohuwar nan, kukan haushi, ina dukan gefen jirgi. Ta bar ni na yi mai isata. Sa'an nan ta tofar da goron bakinta a ruwa.

"Babu dokar da ta hana tsohuwa zuwa kamun kifi inda ta ga dama," ta ce. "Ina da jirage tara, nawa ne da na 'ya'yana, kuma kowane jirgin su na garin nan da tutar gari yake yawo. Amma ka ji da kyau, ko kibiya ɗaya ba zan harba ba. Ba a zaɓe ni in jawo wa garinmu yaƙi ba."

Muka haura kogi muna tuƙi har tafin hannuna ya sale. Ruwan sama kuwa ya yi gaggawar da ake tsoro, kogi ya cika ya yi ja. Da muka karyo kwanar ƙarshe da sassafe, na hango Dutsen Awo, kansa kaɗai ne a waje. Jiragen tagulla arba'in suna jere a gaban Mashigi suna ƙyalli. Mutanenmu suna bakin gaɓa da ƙullin kayansu, an ɗaure awaki, yara suna kuka. Na yi tsalle na faɗa ruwa tun jirgi bai tsaya ba, na kama Baba Nomau, tsohon ɗan fito, na ce ina Yaya.

"Tun jiya suka iso," ya ce. "Ta shiga kwalekwalenta ita kaɗai ta je wurinsu. Ta ce su fara da ita, su ba gari zuwa azahar ɗin yau ya haɗa kaya. Ta ce mana ƙanenta yana hanya."

Hakama ta jera jiragenta tara tsakanin gari da jiragen tagulla, tutoci suna kaɗawa, 'ya'yanta suka watsa taru kamar ba su ga kowa ba. Ba a daɗe ba Dunƙule ya matso a ƙaramin jirgi.

"Tsohuwa, kamun kifi ko yaƙi?"

"Kamun kifi."

"Na bayanki fa, su nawa ne?"

"Wallahi ni ma ban sani ba," in ji Hakama. "Wataƙila babu kowa, wataƙila garuruwa uku. In kana son ka sani, taɓa ɗaya daga cikin jiragen nan, sai mu gani tare."

Gaskiya ta faɗa masa, kuma gaskiyar ce ta tsorata shi. Ya daɗe yana kallon tutocin nan, yana kallon kwanar kogi. Kafin azahar jiragen tagulla suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Gari ya ɓarke da guɗa. Ni kuwa idona yana kan jirgin ƙarshe, inda na hango Tasalla zaune an ɗaure mata hannu, ba su sauke ta ba. Na kama ƙafar Hakama na ce a bi su, jirage tara sun isa su tare guda ɗaya. Ta ce a'a. Ta ce tsayawa ta zo yi, kuma ta tsaya, in ta bi su ya zama yaƙi. Na zage ta zagin da ban taɓa yi wa babba ba, matar da ta ceci garinmu. Ta sunkuyar da kai ta karɓa, ba ta kuma motsa jirginta ba.

Bayan kwana shida mai shelar Birnin Ƙwarya ya iso da rawaninsa, ya tsaya a bakin ruwa ya sanar wa kifaye cewa ran mutanensu ya ɓaci matuƙa. Matan Mashigi suka raka shi da ruɓaɓɓen kifi har jirginsa. A garuruwan nan uku kuwa aka yi ta kiɗa, wai Zaman Murhu ya tsai da Gagarau ba a zubar da jini ko ɗigo ba. Na sake zagaya su ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su nemi a sako mace ɗaya tak. Kowa ya ce mini abubuwa sun daidaita yanzu, kada a ta da zaune tsaye. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Gagarau bai taɓa ce mana shi abokinmu ne ba.

Don kada a ce ya ji kunya, Gagarau ya ɗaura sarƙarsa can cikin ƙasarsa, tafiyar yini guda arewa da mu, inda ba ta tare kowa sai jiragen itace. Ya cika alkawarinsa, Tasalla ce ke juya ta. Da lokacin zaɓe ya zo, ba wanda ya kawo kwalekwale bakin gaɓa. Mutane suka jawo nata, wanda ruwa ya dawo mana da shi, suka cika shi da duwatsu har ya nutse, suka ce ba su da shugaba sai ita. Gari ya zauna haka babu mai yanke magana, bangon gaɓa ya zube ba a gyara ba, 'yan fito suna faɗa a kan layi. Na ga ya kamata ta ji irin son da ake mata, sai na yi shigar mai sayar da busasshen kifi na haura.

Na same ta a kan wani dandamali a bakin ruwa, an ɗaura ƙugunta da wani ƙaton gungumen da take turawa yana naɗe sarƙar. Ta rame, gashinta ya yi fari fat. Masu gadi suna can inuwa suna cin kifin da na ba su. Ta gane ni tun daga nesa, ba ta daina turawa ba.

"Garin yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Ba a taɓa ko akuya ba."

"Su nawa suka zo?"

Na so in yi mata ƙarya, amma ƙaryata ta farko ce ta kawo ta nan. Na ce, "Jirage tara. Su ma kamun kifi suka ce sun zo."

Ta yi wata 'yar dariya, ta zagayo da gungumen. Na ce ta yafe mini, ta ce in rufe mata baki, na rufe. Sai ta tambayi wa aka zaɓa. Na gyara murya na ba ta labari da alfahari, yadda aka cika kwalekwalenta babu kowa a ciki, yadda gari ya ce sai ita. A nan ne ta tsaya cak, har sarƙar ta yi ƙara.

"Kuka yi me? Kuka zaɓi kwalekwalen da babu kowa?" ta ce cikin fushi. "Ni ina nan ina jan ƙarfe kamar jaka don ku ci gaba da jefa dutsenku, ku kuna can kun mai da shi makoki? To da Gagarau ya kwashe ku mana, ai duk ɗaya ne! Shekarau yana raye?"

Shekarau shi ne wanda ta kayar sau uku, mutum mai taurin kai da ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Na ce yana raye.

"Ya iya gyaran gaɓa, kuma ba ya yarda da maganar kowa sai ya tambaya sau biyu. Koma ka tsamo kwalekwalena, ka zubar da duwatsun. Kada ka sake zuwa nan sai da sunan shugaba a bakinka."

Mai gadi ya daka mata tsawa, ta sa kafaɗa ta ci gaba da turawa, ba ta sake dubana ba.

Na koma Mashigi. Na nutsa na kwashe duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, gari yana tsaye yana kallona. Na je na jawo kwalekwalen Shekarau da hannuna na kawo bakin gaɓa. Wata tsohuwa ta tofa mini yawu, wani ya ce ga wanda ya sayar da 'yar'uwarsa sau biyu. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ya ku masu saurare, wanda ya ce na ƙara gishiri ya haura Baƙin Kogi ya ji ƙarar sarƙa da kunnensa. Na sunkuya na ɗauki dutse, na jefa shi a kwalekwalen abokin hamayyar yayata, kuma nawa ne ya fara faɗawa.